Filasmar Hajiya Naja'atu

Duk wanda ya taɓa kai wa Ɗanladi gyaran talabijin a Gyaɗi-Gyaɗi ya san ba ya mayar maka da akwatinka haka kawai. Sai ka tarar da 'yar farar leda manne da salatif a bayansa, cikinta duk abin da ya cire, ko da bai kai ƙwayar wake girma ba. "Ga gawar kayanka nan," haka yake cewa, "ka je ka binne da hannunka." Mutane su yi ta dariya, shi kuwa ba wasa yake yi ba. A sana'arsu babu zagin da ya kai a ce mutum yana cire na asali ya sa na banza, kuma ya rantse tun yana saurayi ba za a taɓa faɗin haka a kansa ba.

Mutumin Zonkwa ne, gajere mai faɗin kafaɗa, zuciyarsa a kusa take. Ya zo Kano yana da shekara goma sha bakwai wajen kawunsa, masinja a wata ma'aikatar gwamnati, ya daɗe yana koyon gyaran rediyo da talabijin a Sabon Gari. Ubangidansa ya koya masa liƙi da dalma, ya kuma koya masa cewa in an kira ka gyara cikin gidan mutane, idonka a kan akwatin zai tsaya, abin da ka gani kuma a bakin ƙofa za ka ajiye shi kafin ka fito. A 1999, shekarar da soja suka koma bariki, ya kama shagon kansa a wani layi bayan titin Zariya. Tun daga lokacin yake faɗa da masu marin talabijin in hoto ya ɗauke, da masu ɗora kofin shayi a kansa, da duk wanda ya ce masa "ɗan taɓawa kawai za ka yi."

Shaguna bakwai ne a jeren, shi kaɗai ne Kirista. Ranar Juma'a da an yi kiran farko, sai ka ji ana jefo masa magana ta ko'ina: "Injiniya, ga shago nan." Haruna mai kanti ya bar ƙofa a buɗe da madararsa da sukarinsa. Garba mai faci ya bar injin iska da tayoyin mutane. Tela ya bar shaddar da ko yanka ta bai yi ba. Ɗanladi ya jawo benci tsakiyar layi ya zauna ya sha mur, ko akuya ba ta isa ta raɓi wurin ba sai an sauko daga masallaci. Shekara goma sha uku ana haka, ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma wannan awa ɗaya da rabi ta fi masa duk abin da ya tara a Kano.

Da filasma ta shigo gari, wato talabijin shafaffe da ake rataye shi a bango, sai aka fara cewa zamanin Ɗanladi ya wuce, shi na masu ƙeya ne. Maganar ta yi masa ciwo. Ya sayi matacciya guda wajen 'yan gwangwan, ya sayi tabarau na karatu, ya yi wata uku yana kwance ta yana ɗaurawa har ta kama. Bayan haka ma'aikatan asibitin koyarwa da ke nan kusa suka dawo masa da ɗumi-ɗuminsu, domin su ne suka fara sayen irinta a unguwar.

Hajiya Naja'atu tana cikinsu, ko kuma a ce tana samansu. Metiron ce, wato shugabar nas-nas, da ta yi ritaya, doguwa, mai muryar da ta saba ba da umarni, kuma rabin nas-nas ɗin da ke kawo wa Ɗanladi aiki ita ta horar da su. Mijinta, Alhaji Idris, tsohon shugaban makarantar sakandare ne. A da yakan kawo rediyonsa da kansa, ya zauna a bencin nan cikin farar shadda da ƙamshi, ya jira a gama suna hirar siyasa. An fi shekara ba a gan shi ba. In Ɗanladi ya tambaya sai ta ce, "Yana nan lafiya, hutawa yake yi," ta sauya magana.

Zuwan farko, filasmar a mace take, ko fitila ba ta kawowa. Ya buɗe ya ga kafasita huɗu, 'yan ƙananan kayan da ke riƙe wuta, sun kumbura, ya canza su, ya ƙulla mata tsoffin a leda. Kwana takwas sai ga ta ta dawo: hoton yana ƙiftawa, ya yi haske ya dushe, ya yi haske ya dushe. Ya kunna ta a shago wuni guda, ko sau ɗaya ba ta ƙifta ba. Ya tambayi wutar gidansu, ta ce tana da sitabilaiza. Ya sake buɗewa, ya zare siririn bel ɗin da ke kai hoto ga gilashi, ya goge bakinsa da sifirit. Audugar ta fito ja-ja-ja da danƙo, tana wani ƙamshi mai daɗi. Ya sunsuna ya ce, "Gidan manya," ya jefar. Nan ne kaɗai laifinsa a wannan magana, da ya tsaya ya yi tunani a kan audugar nan da abin bai kai inda ya kai ba.

Zuwa na uku ranar Asabar ne da hantsi, layi cike da mutane. Ba ta ko shigo ba. Ta tsayar da mota a tsakiyar hanya, ta buɗe ƙofar baya inda filasmar take kwance cikin bargo.

"Kai Ɗanladi! Fito nan."

"Hajiya, ina kwana, ya..."

"Riƙe gaisuwarka. Na kai ta wani wuri an buɗe mini ita a gabana. An ce kayan da ke ciki ba na kamfani ba ne. Ka cire mini na asali ka sa na bola."

"Ai na kamfanin ne suka mutu! Ba ga su nan na ba ki a leda da hannuna ba?"

"Wannan?" Ta zaro ledar daga jaka ta wurga masa a ƙafa. "Wa ya san daga wace bolar ka tsinto su? Dama an ce haka kuke yi. Ka yi ta ɗaure fuska kamar na Allah, ashe ɓarawo ne."

Ɓarawo. A gaban Haruna, a gaban Garba, a gaban masu jiran faci da matan da suka zo sayen omo. Ɗanladi ya ji kansa ya yi wani dum. Abin da ya faɗa a minti biyar ɗin da suka biyo baya ba duka ne zai rubutu ba, har da yaren garinsu ya haɗa, wanda babu mai ji a wurin. Ya sunkuci filasmar daga motar ya kai cikin shago, ya fito yana huci.

"Ba za ta bar nan ba sai da ni a bayanta. Sai na ga bangon da take rataye."

"Gidana? Babu ƙaton da zai shigar mini gida."

"To ta kwana nan har ta tsufa!"

Ta ja mota ta tafi, ta bar shi yana tsince kafasita huɗu daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Ya kafa filasmar a bakin shago tana fuskantar titi, ya kunna ta daga safe har magariba, in babu wuta ya tayar da janareta. Duk wanda ya gifta sai ya tsayar da shi: "Tsaya ka kalla. Ka ga ta ƙifta?" Kwana shida ba ta ƙifta ba. Ka ce wannan ya wanke shi? Ina! Mutanen da ba su san gaban kafasita da bayanta ba suka zama masana. Aka ce ai da ya ji tsoro ne ya mayar da na asalin. Wasu nas biyu suka aiko aka karɓe musu kayansu tun bai taɓa ba. 'Yarsa Hope, wadda ke makarantar koyon aikin jinya, ta dawo gida da jajayen idanu ta ƙi faɗin abin da aka ce mata. Matarsa Saratu ta gaji da ɗumama masa tuwon da ba ya ci.

Duk wannan mai sauƙi ne. Ranar Juma'a aka yi kiran farko, ya jawo bencinsa kamar kullum. Garba ya ce, "Injiniya, sai mun dawo," amma sai da ya tura injin iska cikin rumfa ya yafa masa buhu. Haruna kuwa ya fito. Ya jawo ƙyauren kanti, ya zaro wani sabon kwaɗo, da takardar farashi ma a jikinsa, ya datse. Ya wuce ta gaban bencin yana gyara hula, idonsa a ƙasa. Ɗanladi ya zauna yana kallon kwaɗon nan awa ɗaya da rabi. Shekara goma sha uku, kuma kalma ɗaya daga bakin mace mai mota ta isa mutum ya je ya sayi kwaɗo. Wallahi abin da takaici, kuma ya fi jin haushin Haruna a kan ita Hajiyar.

Ranar Litinin ta bugo masa waya. Muryarta a ƙasa take, ba irin ta ranar Asabar ba. "Ka kawo ta bayan azahar. Kai kaɗai."

Ya ɗauki shatar A Daidaita Sahu, ya ɗora filasmar a cinya, suka bi ta bayan kasuwar Tarauni har ƙofar gidan. Duk hanya yana shirya maganganun da zai faɗa mata. Ita ta buɗe get da kanta. Tun daga baranda ƙamshin turaren wuta ya buge shi, mai nauyi, wanda ya riga ya kama labule da bango. Ya shiga falo, sai maganganun da ya shirya suka gudu.

An kwashe kujeru an jingine su gefe ɗaya. A tsakiyar falon gadon asibiti ne, a kansa Alhaji Idris, ko abin da ya rage na Alhaji Idris. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, ya rame har ba ka gane shi sai ta goshi. Ido ɗaya ne ke motsi sosai, kuma idon ya gane Ɗanladi. Ya yi ƙoƙarin magana, wani sauti ya fito, yawu ya biyo baya. Hajiya ta goge masa da sauri, ta ja zani ta rufe shi har wuya.

"Tashar da ke nuna ɗawafi yake kallo," ta ce ba tare da ta dubi Ɗanladi ba. "Ita ce kaɗai abin da ya rage masa. In ta fara ƙiftawa kansa yake ciwo, ya yi ta kuka. Kwana tara ke nan yana kallon bango."

Ɗanladi ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya tuna da ubangidansa ya mayar da idonsa kan akwati. Ya rataye filasmar a ƙarfenta da ke saitin gadon. Ya gwada soket da mita, wuta daidai. Ya gwada sitabilaiza, lafiya ƙalau. Ya taɓa wayar dish, a ɗaure take. Ya kunna, mutane suka bayyana suna zagaye Ka'aba, hoto tar. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango ya jira. Minti talatin, awa guda, babu abin da ya faru.

Can sai wani wari ya taso daga gadon. Hajiya ta miƙe tsaye. "Ɗan ba mu wuri." Ya fita baranda ya tsaya yana kallon get, yana jin ƙarar ruwa a roba da muryarta tana rarrashi a hankali. Da ta kira shi ya dawo, an sauya zanin gado, an kunna fanka. A kan wata 'yar kanta da ke daidai ƙarƙashin filasmar kuma ga kasko cike da jan garwashi, ta zuba masa turare, hayaƙi yana tashi a miƙe. Ɗanladi ya bi hayaƙin da ido. Bai kai silin ba. Ramukan shan iska da ke ƙasan filasmar ne ke zuƙe shi, shi da zafin garwashin gaba ɗaya.

Ya dubi agogonsa. Minti goma sha ɗaya hoton ya dushe, ya dawo, ya sake dushewa. Alhaji ya fara nishi.

Ya tashi ya ɗauki kaskon da gefen rigarsa ya kai baranda, ya juya fanka ta fuskanci bango. Kafin kwatan awa hoton ya daina ƙiftawa. Ya dawo da kaskon inda yake, ya harɗe hannu. Ta sake ƙiftawa. Ya sake fitar da shi. Duk Hajiya tana tsaye tana kallo, mace ce da ta yi shekara talatin tana duba alamun ciwo, ba ta bukatar a yi mata bayani.

"Sau nawa a rana?" ya tambaya.

"Duk sanda na gyara shi. Biyar, shida."

"Me ya sa sai nan?"

"Hannunsa na hagu yana aiki. Ya taɓa ture shi a kan kafet. Nan ne kaɗai ba ya kaiwa."

Ya sauke filasmar, ya buɗe ta a kan tabarma, ya wanke danƙon hayaƙin da sifirit tun daga bel har allon kayan wutarta, ya nuna mata audugar. Ya cire kantar daga bangon, ya ɗaura ta can kusa da taga inda hannun Alhaji ba zai kai ba, hayaƙi kuma ba zai nufi filasma ba. Sai da ya ga Alhaji ya natsu yana kallon ɗawafi sannan ya ce, "Hajiya, zo waje."

A baranda ya saki abin da ke cikinsa, yana danne murya don kada a ji a falo, abin da ya ƙara masa zafi ke nan.

"A titi kika kira ni ɓarawo. Ba a falo ba, ba a waya ba. A gaban mutanen da ke bar mini shagunansu. Yanzu kwaɗo suke sawa, Hajiya, kwaɗo! Kaskonki ya yi ɓarna, ni aka zaga. To a titin za ki je ki wanke ni."

"In na ce ba kai ba ne, za su ce to mene ne." Idonta ya kawo ruwa amma muryarta ba ta karye ba. "In na ce turare, matan asibiti ne, Malam Ɗanladi. Babu wadda ba ta san dalilin da mace za ta yi turare sau shida a rana a falo ba. Kafin magariba sun cika gidan nan da sunan dubiya. Ka san yadda yake da tsafta. Da bakinsa ya roƙe ni, lokacin yana iya magana, kada in bari a gan shi haka."

"Ni kuma a gan ni a ɓarawo?"

Ta dubi ƙofar falo. Can ta ce, "Zan zo."

Da ya koma, Garba ne ya fara tare shi. "Injiniya, me ya same ta ne?" Maganar tana bakinsa. Jimla biyu kacal, da ya wanku tas kafin la'asar, da Haruna ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya tuna idon nan guda da ya gane shi. Ya ja tsaki ya ce, "Zafi ne." Garba ya ce, "Au, zafi," da irin muryar da ke nuna bai yarda ba. Ko Saratu abin da ya faɗa mata ke nan, ta ce in dai zafi ne me ya hana shi faɗa tun farko, suka yi faɗa a kan haka.

Talata ba ta zo ba. Laraba da Alhamis duk motar da ta shigo layin sai ya ɗaga kai. Ranar Juma'a aka yi kira, Garba ya yafa wa injinsa buhu, Haruna ya datse kwaɗonsa, tela ma ya samo nasa. Layin ya yi tsit. Ɗanladi bai ko jawo benci tsakiya ba, ya bar shi a bakin shago. Ana cikin huɗuba sai ga motarta.

Ta fito ta tsaya a gabansa. Ta dubi dama, ta dubi hagu, babu kowa sai wata kaza.

"Malam Ɗanladi, tun ranar ba ta sake ƙiftawa ba. Na zalunce ka. Ka yafe mini don Allah."

Ya dube ta, ya dubi shagunan da ke rufe. A duk awannin da ke cikin mako, wannan ta zaɓa.

"Wa kike faɗa wa, Hajiya? Ni ai na san ni ba ɓarawo ba ne." Ya tura mata bencin da ƙafa. "Zauna. Minti ashirin ya rage a sauko."

Ta zauna, abin da bai zata ba. Ta ɗora jaka a cinya ta riƙe da hannu biyu. Lasifikar masallaci ta tayar da salla. Ta dubi agogonta. Aka yi raka'ar farko, ta sake dubawa.

"Shi kaɗai na bari," ta ce a hankali. "Barci ya ɗauke shi na fito. Ƙarfe biyu da rabi ake juya shi, in ya farka bai gan ni ba yakan yi ƙoƙarin saukowa."

Ɗanladi ya san gaskiya ta faɗa, ya ga gadon da idonsa. Ya kuma san in ta tashi daga bencin nan ba za ta sake dawowa ba. Ya ji haushinta, ya ji haushin Haruna, ya ji haushin ubangidansa da ya daɗe a kabari, ya fi jin haushin kansa don ya riga ya san abin da zai ce.

"Tashi ki tafi," ya ce da tsawa. "Tashi mana! Kuma kada ki sake sa kaskon nan a ƙarƙashinta."

Motar tana shan kwana aka yi sallama. Ba a jima ba mutane suka fara shigowa layin da dardumominsu a kafaɗa. Garba ya ga shatin taya a ƙofar shagon, ya ce, "Injiniya, baƙo ka yi? Wa ya zo?"

"Ba kowa," in ji Ɗanladi.

Ya ɗauki bencinsa ya shigar da shi ciki. A bayansa yana jin Haruna yana laluben makulli a aljihu.